Sangen Ɗiyata a Kan Irin Shu

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya aika aka kwance sange daga kan shimfiɗar ɗiyata, ya kai garkarsa a Jiratawa ya lulluɓe irin shu da shi. Sauro ya samu yarinyar a fili, masassara ta hau mata kai, yau shekara uku ke nan ko ganga aka buga a bayanta ba ta waiwayowa. Abin da aka yi mini ke nan. Na faɗe shi tun da fari don ban iya kewaye-kewaye ba, kuma a gidanmu an daɗe ana kewaya maganar nan kamar ramin masai.

Sange shi ne gidan sauro, shu kuwa shi ne abin da mutanen ƙetaren iyaka ke ce ma kabeji. Na bayyana don kada wani ya ce bai gane abin da aka musanya da me ba.

Ni mai facin taya ne a Sabon Gari, nan cikin Maraɗi. Lekwal, wato makarantar boko, a aji biyar na tsaya, sai rubutun nan da kuke gani, mai tafiya kamar babur da ya sace. Lokacin da abin ya faru mu huɗu ne a gida: ni, matata, ɗiyar tana shekara shida, da ƙanenta ɗan shekara biyu. Gidan na laka ne, bayansa akwai wani rami da aka daɗe ana cin ƙasa a ciki. Da damana ta sauka ramin ya cika, ruwan ya yi kore, to daga magariba ba mu ke da gidan ba, sauro ke da shi.

Babu abin da ban gwada ba. Maganin fesawa yana kashewa, wannan gaskiya ne, sai ka share gawarwaki da safe. Amma gwangwani ɗaya kuɗin cefanen yini ne, kuma ƙofar ɗakinmu labule ce, waɗanda ba su mutu ba sukan jira wari ya lafa su shigo ta'aziyyar 'yan'uwansu. Na murɗe, wanda ake kunna ma wuta yana hayaƙi, shi ke da araha, shi kowa ke saye. Mu bai karɓe mu ba. Ɗiyata tana da ciwon ƙirji tun tana goye, da hayaƙin ya taɓa ta sai tari, tari har ta yi amai. Ganyen bedi, wato dogon yaro, a kasko ma haka, mu mu yi hawaye, sauro ya koma bisa itace ya huta ya dawo. Wani maƙwabcina ya ce in sayi fanka. Na ce mashi in na sayi fankar, kuran ɗin, wato wutar lantarki, a gidan ubanwa zan samo shi?

Sai ƙwayoyin nan na damana, na rigakafin masassara, da mata ke bi gida gida suna ba yara kowane wata. Ɗacinsu ya sa yaron ya kan yi kuka har maƙwabta su leƙo, amma tun da ya fara sha bai kwanta ba. Shekarar nan da suka zo, ɗaya daga cikinsu ta dubi ɗiyata ta ce, "Wannan shekararta nawa?"

Na ce, "Shida ta shiga."

Ta ce, "Ta wuce, Baba. Na 'yan ƙasa da biyar ne."

Na ce, "To shi sauron an faɗa mashi ta wuce?"

Ta yi dariya tana rubutu da alli a jikin ƙofa. Ta ce, "Ita dai sai sange. Kada ku bari ta kwana a waje ko dare ɗaya."

Sange muna da biyu, na rabon da aka yi kyauta, duka shuɗɗa. Shi ma yana da nasa. In aka yi ruwa da rana, gari ya ɗauki gumi, shiga cikinsa kamar shiga tukunyar dambu ne. Ni kam sau da yawa nakan fito in kwanta a tabarma in ce sauro ya ci rabonsa. Amma ɗiyata tana son nata. Ɗakina take ce mashi. Ita ke cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ta bi kusurwa huɗu tana dubawa, in uwarta ta fita ba ta mayar ba ta yi ta mita kamar tsohuwa.

Wata rana ɓera ya ci gefe ɗaya, rami kamar tafin hannu. Uwarta ta ce za ta ɗinke gobe. Na san goben matata. Sai na yanko siririyar roba daga tsohuwar robar cikin taya, na tattara bakin ramin na ɗaure tam, har na ɗiga mashi gam. Ya fito wani baƙin ƙulli kamar kan kaska. Yarinyar ta zo ta duba, ta taɓa da yatsa, ta ce, "Baba ya yi ma ɗakina faci! Saura ka ba shi iska." Muka yi ta dariya. Duk Maraɗi ban ce akwai wani sange mai facin roba ba, in ba wannan ba.

Wajen ƙarshen damana aka yi wani ruwa na yini guda, garun ɗakinmu na gabas ya zauna. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Ginin laka kuwa ba a tada shi sai ruwa ya ɗauke, tubali ya samu ranar bushewa. Dole iyali su matsa wani wuri.

Matata 'yar Tibiri ce. Ta ce, "Malam, mu je wajen Inna mana. Ɗakina na 'yanmatanci yana nan ba kowa."

Na ce, "A ce garu ya faɗi na kwashe iyali na kai gidan surukai? Ni ba ni da dangi ne? Ina da wa a Jiratawa."

Ta naɗe kaya, ta ɗauki sange ɗaya, mai facin, don shi ya fi girma, zai ɗauke su su uku. Ɗayan ta bar mini, tunda ni zan zauna in yi gadin abin da ya saura. Na ɗora su a kabu-kabu biyu muka tafi. Yayana ya tarbe su da kyau, ba zan yi mashi ƙarya ba. Ya fidda buhunan hatsi daga wani ɗaki ya ba su. Jiratawa kuwa duk wanda ya san ta ya san ruwa ne ko'ina, ga gulbi, ga hanyoyin ban-ruwa, ga fangali bayan fangali. Sauron Sabon Gari in ya je can almajirin koyo ne.

Bayan sati uku na je duba su, ranar Juma'a bayan an sauko. Tun daga nesa yayana ya hango ni ya ɗaga murya, "Jama'a a ɓoye tayoyi, ga mai faci nan! Hudawa yake don ya samu aiki."

Na ce, "Yaya, wace tayar gare ku a nan in ba ƙafa ba? Ita ma duk faso."

Ya ja hannuna ya ce sai na ga garka kafin in sha ruwa. Lokacin renon iri ne, na shu da za a dasa in sanyi ya shigo. Ya jera fangali shida, ya lanƙwasa itatuwa bisansu, ya baza sange a kan kowane, farare da shuɗɗa, ya danne gefe da ƙasa. A ciki irin ya fito kore shar, ganye bibbiyu, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ya ce, "Ka ga dabara? Bara sau biyu ina zuba iri, fara da tsuntsu suna cinyewa. Ga tsutsa. Maganin feshi kuwa ka san kuɗinsa. Bana ko ƙuda bai shiga ba."

Na ce, "To ku kuma ku kwana cikin me?"

Ya ce, "Mu? Fatarmu ta saba. Sauron gulbi ɗan gida ne, mun san kakansa."

Na yi dariya har da tafa mashi hannu. Na ce kai Yaya, da ka yi lekwal da yanzu kai ke riƙe da ƙasar nan. Na tsaya taku huɗu daga sangen ɗiyata ina yabon wayon wanda ya ɗauke shi. Facin yana ta ɗaya gefen, ban zagaya ba.

Da muka koma gida yarinyar ta rugo ta rungume ƙafata. Hannayenta duk ƙuraje, tana ta susa. Na tambayi uwarta, ta ce, "Sauron nan tun la'asar yake fitowa." Yarinyar ta ja rigata ta ce, "Baba, tsaya in faɗa maka wani abu." Uwar ta ce, "Ke, je ki ɗebo ma babanki ruwa." Ta tafi. Da ta dawo ina can ina gardamar kuɗin taki da yayana, ban tambaye ta ba. Har na hau babur tana tsaye bakin zaure tana kallona.

Kwana tara bayan nan aka kira ni a waya da hantsi, ina tsakar cire tayar wata amalanke. Muryar matata ce, ta ce in zo yanzu. Ashe kwana uku ke nan jikin yarinyar da zafi, suna ba ta ƙwayar ciwon kai ta mai tebur, zafin ya sauka ya dawo. Da safen nan ta fara jijjiga, ido ya juye. Na same ta a shimfiɗe, tsofaffin gidan sun kewaye ta, wata na cewa iska ce, a nemo mai turare. Ban tsaya ba. Na ɗaure ta a bayan uwarta da zane, muka hau babur mu uku muka nufo gidan likita a birni. Duk hanya ina jin zafin jikinta ta cikin jikin uwarta.

Aka ɗebi jini a yatsa, aka ce palu ne, wato masassarar cizon sauro, ya hau kai, kuma jininta ya ƙare. Aka ɗebi nawa aka ƙara mata. Ma'aikaciyar da ke cika takarda ta tambaye ni, ba ta ko ɗago kai ba, "Tana kwana cikin sange?"

Na ce, "Kullum. Ita da kanta ke cusa shi."

Sai na ga matata ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe baki. Shekara goma sha ɗaya muna tare, na san wannan sunkuyon. Na ja ta waje ƙarƙashin wata itaciya inda masu jinya ke shanya. Na ce, "Faɗa mini."

Ta ce kwana goma da zuwansu, matar yayana ta shigo da safe ta ce Yaya ya ce a ara mashi sange, fangali ɗaya ya rage ba rufi, kwana ashirin kawai har a yi dashe. Ta zo da kwalin maganin murɗe a madadi. Shi bai shigo ba, wa ba ya shiga ɗakin matar ƙanensa, yana tsaye a tsakar gida yana jira. Matata da hannunta ta kwance igiyoyin. Daren farko ta kunna maganin, yarinyar ta yi tari har ta shiɗe, ta kashe. Daga nan sai fifita da mafici har barci ya ɗauke ta.

Na ce, "Ba ki iya cewa a'a?"

Ta ce, "A gidansa? Ina cin tuwonsa? In ce ma wan mijina a'a?"

Na ce, "To ni da na zo, bakinki ciwo yake?"

Ta ɗago ta dube ni, ido jawur. Ta ce, "Kai ka kai mu. Da na faɗa, cewa za ka yi 'yar Tibiri ta zo raba ka da ɗan'uwanka. Ko ba haka za ka ce ba?"

Haka zan ce.

Kashegari, yarinyar ba ta farfaɗo ba tukuna, na bar uwarta da ita na koma Jiratawa. Ban shiga gida ba, garka na wuce. Ba kowa, rana ta take. Na bi fangalin ɗaya bayan ɗaya, a na biyar na gan shi, baƙin ƙullin roba, ƙasa ta ɓata shi. Na durƙusa na kama. Niyyata in fizge shi in keta, in tattake abin da ke ƙarƙashi. Irin ya yi ganye huɗu, ya kusa dashe, fara na ta tsalle a ciyawar gefe tana neman hanya. Na tuna bakin da ke ci a gidan nan, sun fi goma sha biyar, yawancinsu yara, ba su suka aika a kwance ba. Na daɗe a durƙushe. Daga baya na saki, na mayar da ƙasar da ta danne gefen, na tashi. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Ni ma ke nan na auna, shu ya sake rinjaye.

Kwana biyar ta yi ba ta san inda take ba. Rana ta shida ta buɗe ido ta ce ruwa. Uwarta ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Sai da muka kwana biyu muna murna kafin mu lura. A kira ta, shiru. Kwano ya faɗi a bayanta, kowa ya zabura ban da ita. Likita ya duba ya ce yakan faru in ciwon ya hau kai, wani jin yakan dawo, wani ba ya dawowa, mu yi ta addu'a. Mun yi. Mun je wajen mai duba kunne, mun je wajen malamai, Innar matata ta kawo wani mai daga Tibiri aka ɗiga. Bai dawo ba.

Shekarar nan za ta shiga lekwal, har na sayi allo da jaka. Jakar tana nan rataye. Maganarta ma tana ta lalacewa, kalmomin suna fita a karkace, tun ana ganewa har sai mu na gida. Yarinyar da ta ce saura in ba sange iska.

Yayana ya zo gidan likita sau biyu. Ya kawo fura, ya zauna, ya ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne. Sange bai fito daga bakinsa ba. Ni ma ban ce ba, don a gidanmu ƙane ba ya tsare wa da magana, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni wajen koyon faci. Gwaggonmu da ta ji ƙishin-ƙishin ta kira ni gefe ta ce, "Kul na ji ka tada maganar nan. Ƙaddara ce. Yara nawa ke kwana cikin sange kuma su kamu?" Gaskiya ne, akwai su. Ni musulmi ne, na yarda da ƙaddara. Amma igiyar sangen nan hannu ya kwance ta, kuma aike aka yi.

Ba zan wanke kaina ba. Sange na biyu, wanda aka bar mini, duk kwanakin nan yana rataye a ƙusa cikin rumfar da nake kwana. Sau uku ko huɗu na shiga cikinsa, zafi ya kore ni. Yana nan a naɗe, ba ya tsare kowa, lokacin da ɗiyata ke kwance a fili a bakin gulbi. Wannan ba mai faɗa mini shi, ni ke faɗa ma kaina kullum na ɗaga ido na ga ƙusar.

Muka tada garu, iyali suka dawo. Sanyi ya shigo, shu ya yi kyau a Jiratawa shekarar nan, kowa na faɗi. Wata ranar Lahadi da la'asar ina tsakar gida ina wanke hannu da kanwa, sai na ji sallama. Yayana ne, ɗan kabu-kabu na biye da shi da buhu a kai. Aka sauke, kawunan shu manya manya suna leƙowa ta baki. A hammatarsa kuma ga wani abu shuɗi a naɗe. An wanke shi, rana ta cinye launin, ga huda ko'ina inda itace ya soke, ga facina.

Ya ce, "Mai faci, ga na miya. Na fari da na yanka ke nan, na ce ba mai ci sai ku." Ya ajiye sangen bisa buhun kamar abin da ya tuna a hanya. "Ga kuma wannan, a ba mai ɗaki. An gode."

Matata tana bakin murhu, ta gaishe shi a durƙushe ta shige ɗaki. Ɗiyata tana zaune a tabarma ta ba ƙofa baya, tana jera marafan kwalba, ba ta san an shigo ba.

Na share hannuna a riga. Ban ba shi wurin zama ba, karo na farko tun da aka haife ni. Na ce:

"Yaya, tsaya nan inda kake, yau ni zan yi magana. Kai ka riƙe ni, ban manta ba, kuma shi ya rufe mini baki wata huɗu. Ka zauna ka yi lissafinka, iri a hannu ɗaya, ɗiyata a ɗaya, ka ga fara ta fi sauro haɗari. Wataƙila ko ni ne mai garkar haka zan gani. Amma ba ɗiyarka ba ce da za ka yi lissafi da ita. Kana da lambata. Da ka kira ka ce mai faci ina son sange, akwai wani a rataye a ƙusa can, ba kowa cikinsa, da kafin azahar na kawo maka shi da kaina. Ba ka kira ba, don ka san abin da kake ɗauka, shi ya sa ka aika mace wajen mace, ka tsaya a tsakar gida. Ka zo likita sau biyu ka ce Allah ya sawwaƙe, ba ka ce na yi kuskure ba. Yau kuma ka ce an gode, kamar turmi ka ara. Ga ta nan zaune, taku biyar tsakaninku. Kai ka yi mata huɗuba, ka san sunanta. Kira ta, Yaya. Ɗaga murya yadda kake yi in ka hango ni. In ta waiwayo, a dafa shu ɗinka yau, ni zan fara ci. In ba ta waiwayo ba, ɗauki buhunka, ɗan kabu-kabun bai yi nisa ba."